Tambayar bakin rumfa ba ta isa kama ɓarawon ƙuri'a ba

Duk ranar zaɓe, tun kafin a kira magariba, wayoyin mutanen Jos sun cika da alƙaluma. Wani zai turo jadawali mai launi a zauren WhatsApp na unguwa, a ce wata cibiya ce ta tambayi masu zaɓe suna fitowa daga rumfa, kuma wane ne a gaba da kashi kaza. Bayan kwana biyu ko uku hukumar zaɓe ta faɗi nata sakamakon, ya saɓa, sai a zaro jadawalin nan a ce ga shaida, an tafka maguɗi. Ina so mu dubi wannan shaidar da idon basira, domin a garin nan mun san abin da lamba ke jawowa idan ta riga gaskiya shiga kunnen jama'a.

A ƙasashen da ake yin aikin da gaske, tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. Cibiyar bincike za ta ware rumfuna kaɗan daga cikin dubbai, ta tsayar da ma'aikaci a bakin kowace. Ba wanda ransa ya so zai tare ba. An gindaya masa ƙa'ida, misali duk mutum na biyar ko na goma da ya fito. A miƙa wa mai zaɓe takarda ya cike a asirce, ya jefa a wani akwati na daban: wa ka zaɓa, shekarunka nawa, me ya fi damunka. Abin da ya fifita wannan a kan ƙuri'ar jin ra'ayi ta kafin zaɓe shi ne wanda ake tambaya ya riga ya dangwala, ba zai fasa fitowa ba, ba zai sauya shawara ba. Warren Mitofsky na gidan talabijin na CBS yana cikin waɗanda suka fara shi a Amurka a 1967, kuma gidajen labarai ne ke biyan kuɗinsa don su san su wa suka zaɓi wa, da dalilinsu, su kuma riga juna hasashen wanda ya ci. Tun asali ba don bin diddigin hukumar zaɓe aka ƙirƙiro shi ba.

Mai sayen dankali a kasuwar Farin Gada ba ya zazzage buhu ya ƙirga, hannu yake zurawa ya ɗebo kaɗan ya duba. Amma ya san manya a sama ake jera su, shi ya sa yake neman a buɗe masa ta gindi ko ta gefe. Duk darajar samfurin masu zaɓe tana ga inda aka ɗebo shi. Lissafi ya nuna in ka tambayi mutum 1,000 da aka tsinto babu son rai, amsarka tana iya kauce wa gaskiya da maki 3 sama ko ƙasa. To masu aikin bakin rumfa ba ɗaiɗaiku suke tsinta ba, rumfa-rumfa suke ɗiba, kuma mutanen rumfa ɗaya sukan yi kama da juna a ra'ayi, saboda haka tazarar kuskurensu ta fi haka faɗi. Yanzu a tuna cewa Aminu Waziri Tambuwal da ratar ƙuri'a 342 ya ci gwamnan Sakkwato a 2019, George Bush kuma da 537 ya ɗauki jihar Fulorida a 2000. Babu samfurin da zai iya hango irin wannan rata.

Wannan ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce waɗanda ke ƙin amsawa, domin ita ƙara yawan mutane ba ya maganinta. In magoya bayan wani ɗan takara sun fi son tsayawa su yi magana, ko mutum miliyan ka tambaya, amsar a karkace za ta fito.

Abin da ya faru a Amurka a 2004 ke nan. Alƙaluman farko na bakin rumfa sun nuna John Kerry yana gaban Bush da kimanin maki 3. Da aka ƙirga ƙuri'u, Bush ne ya yi nasara da kusan maki 2 da rabi. Magoya bayan Kerry da yawa, har da malaman jami'a, suka ce an yi maguɗi, musamman a jihar Ohayo inda Bush ya ci da ƙuri'a kusan 118,000. A Janairun 2005 kamfanonin Edison da Mitofsky da suka yi aikin suka fitar da rahoton binciken kansu. Kusan rabin waɗanda ya kamata a tambaya ba su amsa ba. Masu zaɓen Kerry sun fi yarda su tsaya. Kuskuren ya fi yawa a inda masu tambayar matasa ne, da inda aka tsayar da su nesa da ƙofa har mutane suka riƙa sulalewa. Ba wai zaɓen Ohayo ya tafi sumul ba ne, an ga dogayen layuka saboda ƙarancin na'urori a wasu unguwannin birane. Sai dai wanda ya gaji da layi ya koma gida bai kaɗa ba, ba ya cikin akwati, ba ya kuma cikin waɗanda aka tare a bakin ƙofa. Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba. A Amurka, da sakamakon gaskiya ya fara shigowa, masu binciken kan gyara alƙalumansu su dace da shi, domin burinsu bayanin masu zaɓe ne. Alƙaluman da aka daidaita da na hukuma ba za su dawo su zama alƙalin hukuma ba.

Birtaniya ta sha irin wannan kunya a 1992, lokacin da binciken bakin rumfa ya ce babu jam'iyyar da za ta samu rinjaye, sai John Major ya fito da rinjayen kujeru 21. A Indiya a 2024 yawancin cibiyoyi sun ba ƙawancen Narendra Modi kujeru 350 zuwa sama, ya tashi da 293. A can kuwa wanda ke kan mulki ne aka zuzuta, don haka ba wanda zai ce ya sace wa kansa ƙuri'a ya rage.

Ba na so a ɗauka aikin banza ne. Tun daga 2005 na Birtaniya yakan faɗi daidai ko kusa da daidai. A 2024 ya ba jam'iyyar Leba kujeru 410, ta samu 411, ko da yake ya ba jam'iyyar Reform 13 ta samu 5. Sirrinsu shi ne kusan rumfuna iri ɗaya suke komawa kowane zaɓe, su auna yadda ra'ayi ya motsa daga wancan karo zuwa wannan. Hakan na bukatar tarihi mai tsawo, da kuɗi, da jama'ar da ba ta tsoron faɗin abin da ta zaɓa.

Masu kafa hujja da bakin rumfa sun fi ambaton Yukiren, kuma suna da dalili. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Nuwamban 2004, binciken ya ba Viktor Yushchenko rata ta kusan maki 11, hukuma kuma ta ce Viktor Yanukovych ne ya ci da kusan maki 3. Jama'a suka cika tituna, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen, aka sake ranar 26 ga Disamba, Yushchenko ya ci. Amma ba da jadawali kaɗai aka je kotu ba. An je da rahoton masu sa ido, da alƙaluman fitowa da suka haura kashi 96 cikin 100 a yankin Donetsk, da shaidun yadda aka riƙa jigilar mutane a motoci suna kaɗawa a wurare daban-daban.

Benezuwela ta ba mu fuska biyu na abu ɗaya. A ƙuri'ar raba gardama ta 2004 kan tsige Shugaba Hugo Chavez, wani kamfanin Amurka ya ce kashi 59 sun zaɓi a tsige shi, hukuma ta ce kusan wannan kason ne suka ce ya zauna. Masu aikin tambayar daga wata ƙungiya mai goyon bayan tsigewar aka ɗebo su. Cibiyar Carter da Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka suka sa ido aka sake duba takardun wasu rumfuna, suka amince da sakamakon hukuma. Shekara 20 bayan haka, a zaɓen shugaban ƙasa na Yulin 2024, kamfanin Edison ya ba Edmundo Gonzalez kashi 65, Nicolas Maduro kashi 31, hukuma ta ce Maduro ya ci. A wannan karo 'yan adawa sun tattara takardun sakamako na fiye da kashi 80 na teburan zaɓe suka zuba a intanet kowa ya gani, hukuma kuwa ta ƙi fitar da nata dalla-dalla. Ƙasa ɗaya, hanya ɗaya ta bincike, amma a karon farko takarda ta ƙaryata shi, a karo na biyu takarda ta gaskata shi. A fahimtata, iyakar ƙarfin tambayar bakin rumfa ke nan: in ratar ta yi faɗi ƙwarai, tana ba ka dalilin cewa a buɗe takardu. Hukunci na takardun ne.

Mu dawo gida. A Najeriya abin da aka fi sani shi ne ƙuri'ar jin ra'ayi ta kafin zaɓe, galibi ta waya. Wadda NOI Polls ta yi wa gidauniyar ANAP dab da zaɓen Fabrairun 2023 ta sa Peter Obi a gaba, aka yi ta yaɗa wannan ɓangaren. Abin da ba a yaɗa ba shi ne fiye da rabin waɗanda aka kira ko dai sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa, ko sun ce ba su yanke shawara ba. Sannan ranar zaɓen, cikin ƙarancin takardun naira, kusan kashi 27 ne kawai na masu rajista miliyan 93 suka kaɗa. Wanda ya amsa waya daban, wanda ya bi layi daban.

A ce yau wata cibiya mai gaskiya ta zo Jos za ta yi aikin bakin rumfa. Tun rikicin Satumban 2001 garin nan ya rabu gida-gida, kowa ya koma inda yake jin barcinsa zai yi nauyi. In rumfunan da ta zaɓa suka fi yawa a Unguwar Rogo, Gangare da Rikkos, sakamako ɗaya za ta samu. In suka fi yawa a Kabong, Tudun Wada da Unguwar Rukuba, wani sakamakon ne dabam. Za ka ji saurayi a majalisa yana rantsuwa, "Wallahi Malam, a rumfarmu ko ƙuri'a ashirin bai samu ba, ta ina ya ci?" Gaskiya ya faɗa. A can ƙetaren gari ma wani saurayin na faɗin haka game da ɗan takarar wannan, shi ma ba ƙarya ya yi ba. Obi ya ci Filato da Abuja a 2023, Kwankwaso ya kwashi ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a Kano, Atiku ya ɗauki Bauchi da Kaduna, kuma wanda ke zaune a kowanne daga cikin wuraren nan abin da ke gabansa kawai yake gani, alhali rumfunan ƙasar sun haura 176,000.

Sai batun wa zai tsaya ya amsa. Matar aure da ta fito da ƙyar, baƙon saurayi ya tare ta da takarda, za ta tsaya? Dattijon da bai iya karatun boko ba, sai an karanta masa ya faɗa da baki a gaban mutane, asirin ya tashi. Wanda ya karɓi kuɗin wannan ya zaɓi wancan ba zai faɗa ba. Wanda ra'ayinsa ya saɓa wa na maƙwabtansa, alhali 'yan jagaliya na tsaye a gefe, shi ma haka. Ƙara da yawan harsunan jihar, Birom da Angas da Tarok da sauransu, da nisan ƙauyukan Wase da Kanam, da wuraren da ma'aikaci ba zai yarda a tura shi ba saboda rashin tsaro. Duk abin da ya karkatar da binciken Amurka a 2004, a nan ninkinsa yake.

Ko da an shawo kan duk wannan, yawancin maguɗinmu ba ta ƙofar da ake tsaye yake bi ba. Sayen ƙuri'a ba ya bayyana, domin wanda aka saya ya zaɓi wanda ya biya, abin da ke cikin akwati da abin da ya faɗa duk ɗaya ne. Hana mutane fitowa ta hanyar razanarwa, ko kai kayan zaɓe a makare a yankin abokin hamayya, shi ma ba ya bayyana. Abu biyu kaɗai binciken bakin rumfa yake iya jin ƙamshinsu, wato aringizon ƙuri'u da sauya lamba wajen tattara sakamako. Su kuwa muna da makamin da ya fi shi kaifi.

A Birtaniya ba a ƙirga ƙuri'a a rumfa, kwashe akwatuna ake yi zuwa wata cibiya a gauraya, shi ya sa tambayar bakin ƙofa ke da daraja a can. Mu a gabanmu ake zazzage akwati, a ware, a ƙirga da babbar murya, jama'a na amsawa. A rubuta a fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa. Wanda aka ba shi damar ganin ƙuri'ar kanta, me zai yi da tambayar wanda ya kaɗa ta? Hanyar masu sa ido ta ƙidayar gefe a kan wannan ta ginu. Maimakon samfurin mutane, sai a ɗauki samfurin rumfuna, a rubuto sakamakon da aka sanar a kowace. Takarda ba ta jin kunya, ba ta jin tsoro, ba ta ƙin amsawa. Ƙungiyar NAMFREL ce ta fito da darajar ƙidayar masu sa ido a Filifins a 1986, lokacin Ferdinand Marcos. A 2023 ƙungiyar masu sa ido ta Yiaga Africa ta tura mutum 3,014 zuwa rumfuna 1,507, kuma ba ta yi kame-kame ba: ta nuna jihohi biyu da yatsa, Ribas da Imo, ta ce sakamakon da aka sanar na shugaban ƙasa a can bai dace da abin da ta gani ba. Daga baya 'yan jaridar Premium Times da na BBC suka zauna da hotunan takardun Ribas da ke shafin IReV, inda hukumar zaɓe ke ɗora sakamakon rumfuna a intanet, suka haɗa lissafi, suka samu saɓani da abin da aka sanar. Irin wannan zargin yana da adireshi, ana iya bin sa rumfa-rumfa.

Shi ya sa gazawar hukumar INEC ta ɗora sakamakon shugaban ƙasa a IReV a daren 25 ga Fabrairun 2023 ta yi ɓarna mai yawa. An yi wa mutane alkawari da na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe da tura hoton sakamako, da Dokar Zaɓe ta 2022, sai aka ce tangarɗa ce ta fasaha. Ko da tangarɗar ce, ta buɗe fili, kuma duk filin da hukuma ta bari, jita-jita ce ke nomansa. Tsakanin rumfa da mazaɓa da ƙaramar hukuma da jiha nan ne lamba ke sauya kama, kuma wanda ya ga yadda kwamishinan zaɓen Adamawa, Hudu Yunusa Ari, ya sanar da wadda ta ci gwamna a Afrilun 2023 ana tsakiyar tattara sakamako, har hukumar ta soke sanarwar, ba zai ce tsoron jama'a ba shi da tushe ba. Shugaban hukumar na yanzu, Farfesa Joash Amupitan, daga Jami'ar Jos aka ɗauko shi a Oktoban 2025, bayan shekaru yana koyar da shari'a a garin nan. Abin da nake roƙonsa guda ne: kowace takardar rumfa ta fito a kan lokaci, a kuma iya karanta ta.

Dalilin da ya sa na damu da lokaci ba ɓoyayye ba ne. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Filato ranar 27 ga Nuwamban 2008. Tun ba a sanar da sakamakon Jos ta Arewa ba, maganar an yi maguɗi ta zaga gari cikin dare, kuma kafin a wayi gari wuta ta tashi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 700 suka rasu cikin kwana biyu. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011 an rasa fiye da 800 a jihohin Arewa, har da masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba binciken bakin rumfa ne ya jawo waɗannan ba, amma yanayin ɗaya ne: kowane ɓangare ya riga ya tabbatar wa kansa shi ya ci, sanarwa ta yi jinkiri, babu takardar da kowa ya yarda da ita. A irin wannan dare, jadawali mai tambarin wata cibiya ya fi jita-jitar baki haɗari, domin yana zuwa da rigar ilimi. Ɓoye shi ma ba magani ba ne. A Kenya a 2007 wata cibiyar Amurka, IRI, ta riƙe binciken da ya sa Raila Odinga a gaba har tsawon watanni, hakan ya ƙara zargi, kuma kwamitin Mai Shari'a Kriegler da ya binciki zaɓen ya ce takardun zaɓen sun lalace har ba a iya sanin wanda ya ci. Tsarin Indiya ya fi dacewa da hankali, inda doka ta hana wallafawa sai an rufe rumfar ƙarshe. Ni zan ƙara da cewa duk wanda zai wallafa ya faɗi sunansa, da wanda ya biya shi, da yawan rumfunan da ya je da inda suke, da yawan waɗanda suka ƙi amsawa. In babu waɗannan a jikin jadawali, ɗan'uwa, kada ka tura shi gaba.

Kotu ma takarda take nema. Kwana 21 mai ƙorafi yake da su ya shigar da ƙara, kotun zaɓe kuma kwana 180, kuma nauyin tabbatar da maguɗi rumfa-rumfa a wuyansa yake. A shari'ar 2023 Atiku ya gabatar da shaidu 27, Obi 13, a kan rumfuna sama da 176,000, kuma ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Tinubu, ta ce IReV wurin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Mutum na iya jin haushin hukuncin, amma ya nuna inda aikin yake. Mun daɗe muna cewa a kasa, a tsare, a raka. Kasawa muna yi, tsarewa ma ba laifi, rakiyar ce ke ba mu wahala. Jam'iyyu na kashe maƙudan kuɗi a gangami da fosta, amma wakilin rumfa sau da yawa sai a bar shi ba abinci, ba horo, ba kuɗin mota zuwa cibiyar mazaɓa, har wani ya sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya tafi da yamma bai karɓi kwafinsa ba. Duk jam'iyyar da ke son a saurari kukanta a zaɓe mai zuwa, ta fara tun yanzu da rajistar wakili a kowace rumfa, ta koya masa karanta fom ɗin da gane inda ƙuri'u suka haura yawan waɗanda aka tantance, ta kuma tanadi wurin da za ta tara kwafinta a daren, kafin a isa ƙaramar hukuma.